KAKA A BAKIN KOGIN HAƊEJIYA

Duk wadda take son ganin ƙasar Haɗejiya cikin adonta, to ta bari sai damina ta naɗe kayanta, shamuwa ta yi ƙaura, kaka ta shigo. A lokacin ne shinkafa ke yin jawur a fadama, riɗi na jingine a gonaki yana shan rana, masunta kuma sun cika kasuwa da tarwaɗa da karfasa, har ƙamshin bandar kifi ya riƙa bin mutum lungu-lungu.

A irin wannan lokaci ne na kai wa Yayata ziyara, muka taso daga Kano muka bi ta Ringim da Gujungu. 'Ya'yanta biyar, maigidanta kuwa mutum ne na fatauci, sai ya yi mako biyu ba ya gari, don haka komai na yaran a wuyanta yake. Kafin gari ya waye ta hura wuta ta dama koko, ta yi wa ƙanana wanka, manya sun biya allonsu, sannan a ɗunguma boko. Ƙarfe biyu su dawo su ci abinci, da la'asar sai Islamiyya. Namijin ga shi da son ƙwallo, 'yar farin kuma tana zuwa koyon ɗinki a maƙwabta. Ita kanta Yaya tana da sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Kai, ni da nake kallo ma sai da na gaji!

Amma abin da ya fi burge ni shi ne bayan sallar isha'i. Sai ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta jingina wani ɗan baƙin allo a jikin bango, ta kunna fitila mai caji, kowa ya ɗauko littafinsa. Ta duba aikin gida, ta yi musu shifta, ta sa babba ya koya wa na ƙasa da shi. Na ce, "Yaya, ke ba kya gajiya ne?" Sai ta yi murmushi ta ce, "Ƙanwata, ai kogi ne ya mayar da ni malama."

Ta ba ni labari cewa a 2020 an rufe makarantu wata da watanni saboda annobar korona, ga kuma ambaliya ta biyo baya. A 2022 ruwa ya sake zuwa da ƙarfinsa, ya cinye gonaki da ƙauyuka, mazan gari suka kwana suna cika buhuna da ƙasa suna ɗaga jinga, waɗanda gidajensu suka rushe kuwa aka tsugunar da da yawansu a ajujuwan makarantu. Ta ce a nan ta lura yaro in ya yi wata biyu bai riƙe biro ba, sai abin da ya sani ya fara zubewa. Yarinya kuwa abin ya fi muni, domin da an ga tana zaune sai a ɗora mata talla, daga talla sai maganar aure. Ita kanta an sha ce mata ta bar 'yar farin ta ɗauki farantin ƙuli-ƙuli. Ta ce, "Wallahi gara in rage miya da in rage mata karatu."

Ran Asabar maigida ya dawo, aka ɗauki shatar mota sai Baturiya, can wajen Kirikasamma. Yaya ta ƙulle dambun shinkafa da soyayyen kifi, ta zuba zoɓo a jarka, ta kuma ba kowane yaro takarda da fensir. Ashe yawon ma makaranta ne.

Ya ke mai karatu, in ba ki taɓa ganin wannan dausayi ba, to da sauranki. Ruwa ne shimfiɗe iya ganinki, bado ya buɗe furanninsa farare, ga goruba da kanya da gawo a tsaitsaye, ga masunta kwance a kan gora suna jan koma. Tsuntsaye kuwa ba a magana: dinya, kirinjijiya, zalɓe, balbela, kowane da irin kukansa. Yaya ta bayyana wa yaran cewa wasu daga cikinsu baƙi ne, daga Turai suke tasowa in sanyi ya matsa musu, su ƙetare teku da hamadar Sahara su sauka a nan, sai zafi ya gabato su koma. Saboda irin wannan daraja ne aka sa wani yanki na dausayin Haɗejiya da Nguru cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya a 2000, Baturiya kuma ta shiga a 2008. Auta ya zaro ido ya ce, "Umma, to wa ke biya musu kuɗin mota?" Muka kwashe da dariya.

A hanyar dawowa ta nuna musu kacalla, doguwar ciyawar nan da ta toshe hanyoyin ruwa. Ta ce tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar kogin ta sauya. Da can yakan cika da damina ya janye da rani, yanzu kuwa ana sako ruwa har da rani, shi ya sa kacalla ta samu wurin zama. Ita ke hana ruwa wucewa har ya fantsama gonaki, a cikinta kuma jan-baki ke kwana, gari na wayewa su afka wa shinkafa. Nan take ta jefa wa 'yar farin lissafi: in manomi ya saba samun buhu 40, tsuntsu ya ci kashi ɗaya cikin huɗu, nawa ya rage? Yarinya ta ce 30, ko takarda ba ta duba ba.

Da muka shigo gari muka wuce ta ƙofar fada, sai darasi ya koma tarihi. Ta ba su labarin Sarki Buhari da ya gagari Sakkwato, da Sarki Muhammadu da ya ƙi miƙa wuya ga Turawa har ya rasa ransa a yaƙin 1906, da Garun Gabas, wato Biram ta cikin Hausa Bakwai, wadda ke nan kusa. Ta ce gobe kowa zai rubuta mata shafi guda a kan abin da ya gani, wanda ya fi kyau yana da tukwicin kan kifi.

'Yan uwa, Yayar nan tawa sakandare kawai ta gama, ba ta da takardar malanta. Abin da ta ɗan samu a aji shi take juyawa yau kamar jari, har yara biyar suna ci. Don haka ke da kike makaranta yanzu, ki riƙe littafinki da kyau, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma wata rana ke ce za ki jingina allon a bango. In kaka ta zagayo kuwa, ki roƙi su Baba a kai ku Baturiya, ki tafi da takarda da fensir.

Allah ya raya mana zuri'a, ya kiyaye ƙasar Haɗejiya daga ambaliya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.