Shekarar Jira: Abin da Ƙwallo Ya Koya Mana Kan Yaranmu

Mu da ke zama a majalisar bakin masallaci bayan la'asar, yawancinmu tsofaffin 'yan ƙwallo ne, ko da yake tumbi da furfura sun ɓoye shaidar. Mun buga babu takalmi a filayen da ke gefen layin dogo, a zamanin da jirgin ƙasa ke ciyar da rabin Kafanchan. Mun je Kagoro mun ci, mun je Zonkwa an ci mu. Babu ko ɗaya a cikinmu da ƙwallo ya ciyar. Yau wani tela ne, wani yana harkar citta, wani malamin firamare ne, wani direba. Amma ɗan abin da muka sani game da wasan ya sa iyaye ke kawo mana ƙara duk lokacin da yaro ya gama sakandare ya ce shi fa ƙwallo zai yi. Sau biyu aka kawo mana irin wannan magana da nauyinta. A ta farko mun yi kuskure, kuma shi ne dalilin wannan rubutu.

Yaro na farko ɗan gaba ne, mai ƙafar hagu, irin wanda in ya ɗauki ƙwallo sai masu sayar da rake su bar sana'arsu su zo kallo. Bayan wata gasar Sallah, wani mutum mai tsaftar kaya da wayoyi biyu ya zo ya ce shi ejan ne, yana da hanyar kai yaro gwaji a ƙasar waje. Ya nemi kuɗin fasfo, da na biza, da na jirgi, da wani abu da ya kira kuɗin rajista. Yaron bai samu Turanci da Lissafi ba a jarrabawarsa ta fita, amma wa ya tsaya duba wannan? Uban ya sayar da filinsa. Mu ma muka yi karo-karo, har muna alfahari unguwa za ta fitar da ɗa. Aka rage masa shekara uku a takarda, muna gani, muka yi shiru, don mun ce ai kowa haka yake yi.

Shekara biyu ya yi a wani birni da bai san harshensu ba. Bizarsa ta ƙare cikin 'yan watanni, ejan ya daina ɗaga waya, kulob ɗin da aka yi masa alkawari ko sunansa ba su taɓa ji ba. Sai da muka sake wani karo-karon kafin ya dawo, da ciwon gwiwa, ba takarda, ba fili. Yanzu acaɓa yake yi. Idan ya wuce ta gaban majalisa yana gaishe mu da ladabi, "Baba, ina wuni," mu ne muke sunkuyar da kai.

Don haka da aka kawo maganar yaro na biyu, mai tsaron baya, ɗan wata bazawara mai sayar da ƙosai, majalisa ta rabu biyu. Wasu suka ce a fasa ƙwallon nan kwata-kwata, a kai shi shago ya koyi ɗinki. Wasu suka ce arziki kashi ne, don wani ya faɗi ba shi ke nuna kowa zai faɗi ba. Malamin cikinmu ne ya kawo magana ta uku, wadda ya ce ya samo daga yadda ake yi a Amurka.

Ga yadda abin yake a can. Hanyar zama ƙwararren ɗan wasa, musamman a ƙwallonsu na hannu da hular kwano da kuma ƙwallon kwando, ta cikin jami'a take bi. Koci-kocin jami'o'i ne ke yawo makarantun sakandare suna farautar yara, wanda suka zaɓa su ɗauke masa kuɗin karatu. Amma hukumar wasannin jami'o'insu, NCAA, ba ta barin yaro ya buga a babban rukuni sai ya kammala darussa 16 da ta ƙayyade, da matsakaicin maki da bai gaza 2.3 cikin 4 ba. To, yaron da makinsa bai kai ba, ko jikinsa bai gama cika ba, ko kuma babu kocin da ya gan shi, sai iyayensa su kai shi makarantar kwana ta share fage ya ƙara shekara guda bayan ya gama sakandare. Da safe aji, da yamma fili. Akwai irin wannan makaranta a jihar Bajiniya mai suna Fork Union, inda Vinny Testaverde ya yi tasa ƙarin shekarar, daga baya ya ci kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i a 1986. Su ba sa kallon wannan shekara a matsayin faɗuwa. Kuɗi ma suke biya, wasu makarantun fiye da dala dubu hamsin. Kuma duk da wannan gata, waɗanda ke kaiwa matakin ƙwararru daga jami'a ba su kai biyu cikin ɗari ba. Sauran digirinsu suke ci da shi.

Muka yi dariya muka ce, "Malam, ina mu ina dala dubu hamsin?" Ya ce ba kuɗin yake so mu kwaikwaya ba, tunanin ne. Ai mu ma muna da shekarar jira, sunanta ne kawai muka ɓata. Yaron da ya sake zama WAEC ko NECO ta masu zaman kansu a ƙarshen shekara, me yake yi? Wanda ya shiga shirin share fage na Jami'ar Ahmadu Bello a Funtuwa, ko ya yi IJMB ya shiga aji biyu kai tsaye, me yake yi? Bambancin kawai shi ne mu muna cewa "ya faɗi, yana maimaitawa," mu sa masa kunya, sannan mu raba shi da ƙwallon, ko kuma mu bar shi da ƙwallon mu raba shi da littafi.

Da muka nutsu sai muka ga ko a harkar ƙwallon kanta, gaggawar da ejan-ejan ke cusa wa iyaye ƙarya ce. Dokar FIFA ta hana sayar da yaro zuwa wata ƙasa kafin ya cika 18, in ban da wasu 'yan keɓantattun dalilai da ba su shafi yaranmu ba. Ahmed Musa, ɗan nan Jos maƙwabtanmu, ya ci ƙwallo 18 a kaka ɗaya a Kano Pillars, kulob ɗin VVV-Venlo na Holan ya ɗauke shi a 2010, amma sai da ya jira ranar 14 ga Oktoba ya cika 18 kafin a ba shi damar buga musu. Kuma ba daga lungu aka ɗauke shi ba: ya bi ta makarantar horo a Jos, ya buga gasar ƙasa, mutane suka gan shi da idonsu. Daniel Amokachi ma sai da ya yi suna a Ranchers Bees ta Kaduna kafin ya tafi Beljiyam. Kulob na gaskiya shi ke biyan kuɗi ya ɗauki ɗan wasa. Duk wanda ya ce uba ya sayar da fili don a duba ƙafar ɗansa, to ba ƙafar yake so ba, filin yake so.

Maganar rage shekaru ma ta fara zama tarkon mai ita. Tun 2009 FIFA ke amfani da na'urar ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu a gasar 'yan ƙasa da 17, kuma mun sha jin an sallami yara daga sansanin Golden Eaglets a kan wannan. Ga lambar NIN da ake nema kafin rajistar JAMB. Yaron da takardunsa ke ɗauke da ranar haihuwa biyu, wata rana ƙofa biyun za su rufe masa a lokaci guda. Balle kuma mu da muke koya wa yara cewa ƙarya haramun ce, da wane baki za mu ce ta halatta in dai a fasfo ce?

Sai muka kira yaron da mahaifiyarsa. Muka ce mun ba shi shekara ɗaya, ba biyu ba. Da safe zai je darasi wajen malam, Turanci da Lissafi, kyauta. Da yamma fili. Mu za mu haɗa kuɗin rajistar jarrabawa da na takalmi, kuma duk gwajin da kulob mai rajista ya kira a Kaduna ko Jos, direban cikinmu zai kai shi. Ba za a ba ejan ko sisi ba, ba za a taɓa shekarunsa ba. Ranar da ya tsallake darasi, ranar babu fili, mun yi magana da kocinsa a kan haka. Uwar ta yi kuka ta ce, "Alhaji, ni dai kar a mayar min da shi abin dariya." Shi kuwa ya amsa da "to" irin wadda ba ta kai zuci ba.

Kada mu yi muku ƙarya, shekarar ba ta zo da sauƙi ba. Tsaransa biyu sun bi wani ejan sun tafi, suna turo hotuna a Facebook cikin rigunan sanyi, shi yana nan yana fama da aljabara. An yi masa ba'a a unguwa. Uwar ta rasa hannun da zai taya ta suya da safe, wannan kuwa asara ce ta gaske a gidan da ƙosai ke ciyarwa. Akwai watan da ya daina gaishe mu. Kuma mun sani a ƙwallo shekara guda ba wasa ba ce, mai yiwuwa akwai damar da ta wuce shi saboda mu. Wannan nauyi mun ɗauka, kuma Allah ne masanin abin da ya fi alheri.

Da sakamako ya fito, ya samu darussan biyu, ya cika kiredit biyar ɗin da ake nema. Ya je gwaji biyu, ɗaya ba a ɗauke shi ba, ɗaya aka ce ya dawo baɗi. Yanzu yana Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, yana buga wa makaranta, jikinsa ya murje, ya fi da iya karanta wasa. Ko zai zama ƙwararre, ko zai zama malamin da zai horar da jikokinmu, duka biyun hanya a buɗe take. Yaro na farko kuwa mu muka taya shi rufe ɗaya, ejan ya rufe ɗayar.

Jihar nan ta fitar da Garba Lawal, da Tijjani Babangida, da Celestine Babayaro, don haka ba za mu ce wa yaro mafarkinsa hauka ne ba. Kuma a garin da ya ga 1987 da 1999 da 2011, mun san darajar filin da ɗan Bahaushe da ɗan Fantswam da ɗan Bajju ke sa riga iri ɗaya su ba juna fasin. Ba ma so a kashe ƙwallo a unguwar nan. Roƙonmu ga iyaye shi ne, in ɗanku ya gama sakandare takardarsa ba ta cika ba, ƙafarsa kuma tana da kyau, kar ku yi saurin sayar da fili, kar kuma ku yi saurin fasa masa ƙwallo. Ku ba shi shekara guda mai sharaɗi, mai farko da ƙarshe. In ejan ya zo, ku tambaye shi sunan kulob da takardar gayyata, ku kawo mu duba tare kafin kuɗi ya fita daga hannu.

Muna nan bakin masallaci bayan la'asar. Mai acaɓan nan ma ya ce duk uban da ke shakka a turo masa shi, zai ba shi labari da bakinsa. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya sa su fi mu.