Ƙugiyar da na yanka da reza

A farkon watan Fabrairu ne ƴan ajinmu suka ɗora mini nauyin riguna. Mun yi shawarar cewa ranar 21 ga wata, wato ranar harshen uwa ta duniya, za mu fito da kaya iri ɗaya: farar taguwa ta auduga mai aljihu a ƙirji, a kan aljihun kuma a rubuta “Harshena ƙasata”, a ƙarƙashinsa “ɗalibi” ko “ɗaliba”. Mu ashirin ne. Kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa daga ɗan kuɗin da yake lallaɓawa har ƙarshen wata, na sayo rigunan a kasuwa, na kai wa wani mai buga rubutu a tufa.

Da na koma ganin gwaji, sai na tarar da rubutu tsaf, baƙaƙe sun miƙe, launi ya fito, amma abin da ke kan aljihun shi ne “Harshena kasata”. Na ce: “Malam, ai an bar ƙugiya.” Ya duba, ya yi murmushi, ya ce: “Ɗan'uwa, kwamfutata ba ta san wannan baƙin ba. In na saka shi, akwati take fitarwa. Kuma ai duk Bahaushe zai gane.” Ban ga laifinsa ba, domin gaskiya ya faɗa: mai harshe yakan cike abin da rubutu ya bari. Sai dai kasa sunan maciji ne, kuma da ita ake cewa mutum ya gaza. Ɗaliban kimiyyar harshe ashirin, waɗanda suka ci jarrabawa a kan bambancin baki da baƙi, da na bari da ɓari, ba za su tsaya gaban malamansu da wannan a ƙirji ba.

Na roƙe shi ya sayar mini da robar da yake aiki da ita, wadda masu sana'ar ke kira fileks, ya kuma gwada mini yadda ake yi. Robar fuska biyu gare ta. Ɗaya tana manne da wata leda mai sheƙi wadda ake ganin abu ta cikinta, ɗayar kuma dusassa ce, a nan danƙon yake, shi ne zafi ke narkarwa ya kama zare. A dusassar fuskar ake yanka, ba tare da an huda ledar ba, sannan a ciccire duk abin da ba baƙi ba, a kife a kan tufa, a danna da zafi. Tunda kifewa ake yi, dole a zana rubutun a juye, kamar yadda yake fitowa a madubi. Shi na'ura ke yi masa yankan. Ni kuwa reza ce da ni, da fensir, da dutsen guga.

Rigar farko na ɓata ta da gaggawa, domin na manta da zancen madubi, rubutu ya fito daga dama zuwa hagu kamar ajami. Ta biyu ce ta koya mini abin da ban sani ba game da hannuna. Idan aka juya ɗ a madubi, cikinsa yakan koma dama kamar na b, ƙugiyarsa kuma ta karkata hagu. Hannuna da ya ga siffar b, sai ya yi abin da ya saba, ya lanƙwasa ƙugiyar dama, ya zana ɓ sak. Da na kife na goge, sai ga wani baƙi mai ƙugiyar da ta juyo ta rufe kan cikinsa, baƙin da babu shi a abacadar Hausa. Shekara uku ina rubuta cewa ɓ da ɗ haɗiyau ne, ƙ kuma tunkuɗau, amma sai a daren nan na tsaya na dubi inda kowace ƙugiya ta fuskanta.

Sauran aikin haƙuri ne. Aljihu ƙarami ne, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba, kuma ɗinkin gefensa yana ɗaga dutsen guga ya hana shi kwanciya a kan baƙi, don haka sai na cusa kwali a ciki. Robar tana son zafi wajen digiri 150, na daƙiƙa goma zuwa goma sha biyar, ba tururi, a shimfiɗa ƙyalle a sama, a danna da ƙarfi ba tare da jan dutsen ba. Daren da aka ɗauke wuta na aro dutsen gawayi wajen maƙwabciyata, na riƙa gwada zafinsa a kan tsumma kafin in kusanci riga. A duk baƙaƙen, ƙugiya ce ta fi wahala. Siririya ce, reza kan tsinke ta, kuma ita ce ke fara ɗagowa in zafi bai kai ba.

Ina cikin wannan yanka ne na fara tunanin yawan mutanen da suka zauna domin wannan ɗan lanƙwasa. An yi taron masana a Bamako a 1966 a kan rubuta harsunan Afirka ta Yamma, Hausa na cikinsu. A nan Nijar, hukuma ta tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa a 1999, mu muna rubuta ƴ inda ƴan'uwanmu na Najeriya ke rubuta 'y. A 2025 kuma aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Duk wannan yana cikin takarda. Amma allon shago, da rasit, da rubutun bayan mota, da saƙon waya, mutane ne ke yin su da kayan aikin da ke hannunsu, kuma in kayan aikin bai san ƙ ba, ƙa'idar ba ta isa wurin ba.

Abin da ya fi damuna shi ne na duba wayata a daren, na ga saƙon da na aika wa ƴan aji ina kukan abin da ya faru. Na rubuta musu cewa “an bar kugiya”. Wayar tana da waɗannan baƙaƙe, ni ne na yi ƙyuyar danna maɓalli in riƙe. Mai shagon kayan aiki ne suka gaza masa, ni kuwa ba ni da hujja.

Mun fito ranar da riguna goma sha takwas, mutum biyu suka yi haƙuri da waɗanda na ɓata. Baƙaƙen ba su miƙe kamar na na'ura ba, wasu sun ɗan karkace. Wani malaminmu ya tsaya ya duba aljihuna, ya sa yatsa a kan ƙ, ya tambayi wanda ya yanka, bai ƙara komai ba. Bayan mako guda na koma shagon da nau'o'in rubutu irin su Andika da Charis SIL, waɗanda ake samu kyauta kuma suna ɗauke da duk baƙaƙenmu. Muka saka su a kwamfutarsa, muka gwada, na'urar ta yanka ƙ da ƴ ba gardama. Aikin bai kai rabin awa ba, kuma kowane ɗalibin sashenmu, a Yamai ko Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, zai iya yi wa mai shagon unguwarsu.

Rigata tana nan. Ina juya ta ciki waje kafin wanki kamar yadda aka gaya mini, duk da haka a wanki na huɗu ƙugiyar ƙ ta fara ɗagowa. Na ɗora ƙyalle, na sake danna mata dutse, ta kwanta.