Daga Samaru Zuwa Zabi: Wane Ne Baƙo?

Ranar Asabar da hantsi na hau Keke Napep a ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, zan je Zabi duba Kawuna da ya kwana biyu yana jinya. Muka wuce Hanwa, na sauka a Kwangila, sannan na biya kasuwar Sabon Gari. Magani na saya a shagon wani Ibo, lemo kuma a wurin wata Bayarabiya, duka da Hausa muka yi ciniki. Sabon Garin nan Turawa ne suka yanka shi domin baƙi lokacin da layin dogo ya iso Zariya.

Na iske Kawu a gindin darbejiya, gonakin masara na bayansa. Bayan gaisuwa ya tambayi karatu, sai na ba shi labarin da ya hana ni barci a makon nan. A shekarar 865 babbar rundunar mutanen Denmak ta sauka Ingila. Sarki Alfred ya ci su da yaƙi a Edington a 878, shugabansu Gutrum ya karɓi Kiristanci, aka bar musu arewa da gabas suka zauna, suna noma, ana auratayya. Kwatsam, ranar 13 ga Nuwamba 1002, Sarki Etelred ya ba da umarnin a kashe 'yan Denmak da ke ƙasarsa. Bai tsira da komai ba: Sarki Suwen na Denmak ya ci Ingila a 1013, ɗansa Kanut ya hau gadon sarautar a 1016.

Kawu ya gyara zama. "Ɗana, ai ba sai ka tsallaka teku ba." Ya ce Sarki Makau yana filin Idi mayaƙan Malam Musa, mai tutar Shehu, suka auka wa Zazzau. Makau ya yi kudu zuwa Zuba, ƙanensa Abu Ja ya kafa Abuja a 1828, wadda yanzu ake kira Suleja, kuma har gobe Sarkin Zazzau suke kiran sarkinsu. An daɗe ana kai wa juna hari tsakanin Zariya da Abuja. "To yau shiga birni ka ware mini jinin Bahaushe da na Bafillace, in ka isa."

Na yarda da shi, amma zuciyata ta ƙi barin 1002. Mutane sun haura shekara ɗari suna cin kasuwa ɗaya, bakin mutum ɗaya ya mai da su abin yanka. Wannan shi ne abin da nake tsoro duk lokacin da ɗan siyasa ya hau mumbari yana rarrabe ɗan ƙasa da baƙo.

Da la'asar sakaliya na sake biyawa ta shagon maganin, na tambayi mai shi inda aka haife shi. Ya ce a Muciya, nan cikin Sabon Gari, haka ma mahaifinsa.