Mun Ƙera Aradu da Kwali

Rubutun wannan mako a kan wani jirgin ruwa ne da muka ƙera a tsakar gida, mu uku, abokan juna tun makarantar allo. Cikinmu babu wanda ya taɓa ganin teku. Ruwa mafi girma da idonmu ya gani shi ne madatsar Tiga.

Abin da ya ja mu suna ne. Wata rana muka ci karo da hoton wani jirgin yaƙi na sojan ruwan Najeriya, an rubuta F89 a jikinsa, sunansa Aradu. Kalmar da muke jin tsofaffi suna rantsuwa da ita, ga ta a kan jirgin yaƙi. Muka bi diddigi. Kamfanin Blohm & Voss ne ya ƙera shi a birnin Hambog na Jamus, ya fara aiki a 1982. Tsawonsa mita 125 da ɗoriya, faɗinsa mita 15. A 2005 ya je Ingila bikin cika shekara 200 da yaƙin Tarafalga. Muka ce tunda ba mu da halin zuwa inda yake, bari mu kawo shi gida.

Mun raina aikin da farko. Mu da muka tashi muna ƙera motar kara da ta langalanga, kwali ne zai gagare mu? Muka zaɓi ma'aunin 1:200, wanda masu wannan sana'a suke yawan amfani da shi, wato kowane santimita ɗaya a kwali yana wakiltar mita biyu a jirgin gaske. Da wannan lissafi Aradu ya dawo kusan santimita 63 a tsawo, bakwai da rabi a faɗi. Sojan da zai tsaya a kansa bai fi ƙwayar wake ba. Muka tanadi kwali mai kauri da mai laushi, reza, rula, gam da tsinken sakace, muka zana sassan daga hotuna da zanen gefen jirgin da muka samu a intanet.

Jirgin kwali daga ciki ake fara shi. Akwai shimfiɗar ƙasa, sai ƙashin baya da ake tsayarwa a tsakiyarta daga goshi zuwa gindi, sai haƙarƙari da ake sarƙafawa a jikinsa ɗaya bayan ɗaya. Bayan nan ake rufe sama, a lulluɓe gefe da kwali mai laushi. Duk wannan na ciki babu mai sake ganinsa idan an gama, shi ya sa muka yi masa riƙon sakainar kashi. Hankalinmu yana kan igwar gaba da turken rada da filin saukar jirgi mai saukar ungulu. Wajen tsaga gurbin haƙarƙari ko rula ba mu ɗauka ba. Ɗayanmu ya ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Muka yi dariya, muka lafta gam.

Bayan kwana tara muka ɗora jirgin a kan tebur, sai ya ƙi zama. Goshinsa ya karkata hagu, gindinsa ya ɗaga kamar busasshen kifi. Da muka auna, kuskuren wasu haƙarƙarin bai wuce milimita biyu ba. Amma a wannan ma'auni milimita ɗaya santimita 20 ne, kusan taƙi guda. Ga kuma gam ɗin da muka cika: ruwansa yana kumbura takarda, idan ta bushe ta tsuke ta ja abin da ke manne da ita, iskar hunturu kuwa ta busar da gefe ɗaya kafin mu lulluɓe ɗayan.

A nan ne gardama ta tashi, kuma ta fi ta kwali zafi. Ɗayanmu ya ce a sa ɗan tsinke a ƙarƙashi, a shafa fenti ruwan toka, a ɗauki hoto daga ɓangaren da ya fi kyau, wa zai sani? Gaskiya maganarsa ta shige mu, domin a gida an fara yi mana kallon marasa aikin yi. Inna ta leƙo ta ga tarkacen kwali a kan tabarma ta ce, “Yanzu ku da gemunku da takardar difloma, wasan yara kuka koma?”

Muka ce, “Inna, jirgin yaƙi ne.”

Ta ɗaga shi ta juya, ta ce, “To ai naku ya sha kashi tun bai je ba.”

Kwana biyu ba mu yi wa juna maganar jirgin ba. A rana ta uku wanda ya kawo shawarar fentin shi ne ya zo da reza ya farke gefen da hannunsa. Da muka leƙa ciki muka ga haƙarƙarin sun kwanta kamar haƙoran tsohon mataji, kunya ta kama mu duka.

Muka sake daga tushe. Muka kafe shimfiɗar ƙasa a jikin miƙaƙƙen katako da ƙananan ƙusoshi. Kowane haƙarƙari sai an auna shi an tabbata ya tsaya cak kafin a taɓa na gaba. Gam da bakin tsinke muke ɗiga shi. Muka danne da littattafai ya kwana. Wajen lulluɓi, in mun manna yanki ɗaya a dama sai mu manna takwaransa a hagu, don jan ya zo daidai. Mun kuma gano kwali yana da ɓangaren da yake yarda ya lanƙwasa, in ka bi ta ɗayan sai ya karye. Wannan karon gangar jikin kaɗai ta ci mako uku. Igwar da muke ɗoki kuwa, takarda muka naɗe a jikin allura, cikin yini ɗaya muka gama.

Mu da muke rubutu mun san irin wannan jarabar. Sau nawa muka kawo labari wajen taron ƙungiya, mun san tsakiyarsa a karkace take, amma muka lulluɓe da karin magana da daɗin baki muna fatan kada a lura? Akwai wani rubutu da ya shekara a hannunmu muna ta yi masa kwalliya. Satin da muka gama jirgin muka cire masa babi huɗu.

Aradu namu yana kan kabad ɗin Inna yanzu, ita ta ce a ajiye shi a can, ta kuma hana jikoki taɓawa. Na farkon bai tafi bola ba, yana nan da farkakken gefensa, shi muke fara nuna wa duk yaron da ya ce a koya masa. Mai son gwadawa ya nemi katako miƙaƙƙe da rula kafin ya sayi fenti.

Allah Ya kai mu mako mai zuwa lafiya.