Gadabeji ta cikin madubin hangen nesa

Dalilin wannan tafiya wani tsohon madubin hangen nesa ne da na gada wurin kawuna, Allah ya jiƙansa. Ƙirar Rasha ne, baƙi, an rubuta 8x30 a kafaɗarsa, jakarsa ta fata ta yi ƙirin don shan hannu. Kawu mahalbi ne na gaske. Da adaka ya fara, daga baya Turawan da ke zuwa halbi arewacin Dakwaro suka riƙa ɗaukarsa ya nuna musu dawa, a hannun ɗayansu kuwa ya sami madubin. Ya sha gaya mana cewa da shi ya taɓa ƙirga garken mariri har ƙirgar ta ɓace masa. Mu yara muna ɗaukar zancen a matsayin kurin tsofaffi.

Wata rana madubin ya faɗo daga kan kabad. Gilashin bai fashe ba, amma tun daga ranar kome na duba sai ya zama biyu: raƙumi guda ya koma raƙuma biyu, ɗaya bisa ɗaya. Akwai wasu ƙananan gilasai masu kusurwa a cikin kowane ɓangare waɗanda ke miƙe hoton, to idan ɗaya ya goce daga gurbinsa ko da kaurin gashi ne, idon dama da na hagu ba su ƙara haɗuwa wuri guda. Mai dubawa ya yi ta ƙoƙarin haɗa su da kansa har ciwon kai ya kama shi. Na kai wa mai gyaran agogo, ya juya shi, ya mayar mini.

A daidai lokacin ne wani Alhaji abokina, ɗan kasuwar Maraɗi, ya zo mini da nasa zance. Yana da bindiga ta lasisi, yana fita halbin zabin dawa da zomo, amma ransa na ga manyan namu. Ya ce yana son madubi mai ƙarfi, wanda zai nuna masa dabba tun ba ta ji ƙamshinsa ba. Kafin in ba shi shawara ma ya riga ya sayo wani a wata rumfa, jika 15, gilashinsa ja wur kamar garwashi, an rubuta 20x50 da manyan baƙaƙe. Ya ɗora mini a tebur yana murmushi, ya ce: «Mushe, naka takwas ne, nawa ashirin. Yi lissafi.»

Na yi lissafin, ga shi kuma domin duk wanda zai fitar da kuɗinsa. Lamba ta farko ita ce yawan kusantowa: 8 na nufin abin da ke mita 800 zai yi kamar yana mita 100. Lamba ta biyu faɗin gilashin gaba ne da milimita, shi ne ƙofar da haske ke shiga. Idan aka raba ta biyu da ta farko sai a sami kaurin hasken da ke isa ido. Na kawu, 30 a raba 8, bai cika 4 ba. Na Alhaji, 50 a raba 20, biyu da rabi kacal. Ƙwayar idon mutum kuwa tana buɗewa da magariba har milimita 7 ga matashi, wajen 5 ga dattijo, ke nan madubin ashirin ɗin duhu zai nuna da asuba da almuru, su ne kuwa lokutan da naman dawa ke fita kiwo. Ban da wannan, madubi yana ninka rawar hannu kamar yadda yake ninka girman dabba. Da an wuce 10, sai mutum ya sami abin ɗorawa, in ba haka ba itace da dabba su yi ta tsalle a idonsa. Jan fentin nan kuma ado ne na jawo mai saye, iyakarsa ya mayar da duniya shuɗiya-shuɗiya. Alhaji bai ji daɗi ba, amma ɗan kasuwa ne, ya san an yi masa abin da ake yi wa baƙon kasuwa. Muka sa aka aiko masa da 10x42 na kirki daga Yamai, mai rufin roba, wanda ƙura da ruwa ba su shiga, nauyinsa bai kai kilo guda ba.

Saura wurin gwadawa. Nan muka tsaya muna kallon juna, domin a duk faɗin jihar Maraɗi ba mu san inda mutum zai tsaya ya hangi babban naman dawa ba sai wuri guda, wurin kuwa an hana halbi a cikinsa. Na ce wa Alhaji ya bar bindigarsa gida. Ya yi gunaguni, ya bari.

Muka tashi bayan sallar asuba cikin ɗarin Disamba na 2019. Daga Maraɗi aka bi ta Tibiri, aka karya arewa, aka wuce Kornaka zuwa Dakwaro. Wannan ɓangare ba shi da labari: gonakin hatsi da aka girbe, rumbuna cike, gao tsaye da ganyensa kore a lokacin da sauran itatuwa ke kaɗewa. Bayan Dakwaro ne ƙasa ke sauya fuska. Gonaki su yi ta raguwa, rairayi ya yi yawa, hanya ta rarrabu gida biyar ta sake haɗuwa, direba ya riƙa zaɓen sawun da ya fi sabo. Tun 1961 doka ta shata iyakar noma ta arewa domin a bar wa makiyaya abin da ke bayanta, amma duk wanda ya bi hanyar nan zai ga karan gero a inda doka ba ta san da shi ba. Sau biyu muna kafewa. A karo na biyu wasu Bararoji da ke shayar da jajayen shanunsu a rijiya suka bar guga suka zo suka tura mu.

Gadabeji tana cikin gundumar Bermo. An keɓe dajinta a shekara ta 1955, eka dubu 76 bisa ma'aunin hekta, musamman domin kare mariri da bareyi. A 2017 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren da ake haɗa kare halitta da zaman jama'a. Wanda ya saba ganin daji a talabijin zai ce babu kome a nan. Tuddan rairayi ne marasa tsawo, lulluɓe da busasshiyar ciyawa mai launin zaki, a tsakaninsu kwaruruka inda aduwa da kandili da danya ke taruwa, sai anza da tumfafiya nan da can. Ƙarangiya kuwa ba ta bar ƙafar wandon kowa ba. Muka gabatar da kanmu ga ma'aikatan gandun daji, aka haɗa mu da dogari guda, muka kwana.

Mariri dai babu. Kurin kawu gaskiya ne, amma abin da ya ƙirga ya ƙare. Farin shekarun 1970 da na 1984 ya karya su, rijiyoyi da dabbobin gida suka mamaye makiyayarsu, sa'an nan mota da bindigar zamani suka ƙarasa aikin. Mahalbin dā yakan yi kwana uku yana bin sawu da ƙafa don dabba guda, yana da abin da ba ya halbi, yana da Sarkin Baka da zai tuhume shi. Mai mota kuwa korar garke yake yi har huhunsu ya fashe. A shekara ta 2000 aka bayyana cewa mariri ya ƙare a dawa ko'ina a duniya, sai a gidajen ajiye namu. A 2016 aka fara mayar da shi dajin Wadi Rime a ƙasar Cadi, ya kuma hayayyafa a can. A nan Gadabeji sunansa kawai ya rage a bakin tsofaffi.

Da sassafe muka hau wani tudu. A nan na yarda kuɗin Alhaji ba su tafi banza ba. Rana ba ta fito ba, ido tsirara ba ya raba itace da inuwarsa, amma cikin sabon madubin sai ga kwarin ya buɗe tas, kowace ƙaya da kanta. Dila ya ratsa da gudu-gudu. Can gefen tudu na biyu bareyi huɗu suna kiwo. Na miƙa wa Alhaji, ya daɗe bai sauke ba. Na ji yana magana ƙasa-ƙasa, ashe nisa yake aunawa. Direba ya tayar da mota don ya matso da ita, kafin ƙarar ta gama isa kunnenmu bareyin sun zama ƙura. Dogarin ya ce barewar da ba a taɓa kora da mota ba takan tsaya ta kalli mota. Waɗannan ba su tsaya ba.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya madubin ya daina amfani. Ƙasa ta ɗauki zafi, kawalwalniya ta tashi, kome na nesa ya riƙa narkewa yana rawa, madubi kuwa ninka rawar yake yi. Hazon hunturu ya ƙara nasa. A irin wannan sa'a mai 20 da mai 10 da mai 8 duk ɗaya suke, gara ma ƙaramin. Masu tallar madubi a Turai ba su san wannan ba, ko kuwa ba su faɗi. Muka fake ƙarƙashin aduwa, aka ɗora shayi. Alhaji ya ciro bakin rawaninsa zai goge gilashin, na riƙe hannunsa. Ƙurar nan rairayi ce, gogewa ɗaya ta isa ta zana gilashi har abada. Hurawa ake fara yi, sa'an nan a shafa da tattausan ƙyalle.

Abin da muka zo nema na gaske shi ne raƙumin dawa. Dā akwai shi a nan, ya ɓace tun wajen shekarun 1970. Irin na Afirka ta Yamma, mai farin jiki da zane ja-ja, ya ƙare ko'ina sai a yankin Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai bisa hanyar Doso. A 1996 guda 49 kaɗai aka ƙirga. Da aka tsare su, manoman wurin suka haƙura da ɓarnar wake, sai ga su sun haura 600. A watan Nuwamba na 2018 aka ɗebi takwas, aka ɗora su a babbar mota tsaye, aka yi tafiyar sama da kilomita 800 da su zuwa Gadabeji, don kada dukiyar duka ta zauna a ƙwarya guda. Hikimar ta bayyana a ranar 9 ga Agusta 2020, da ƴan bindiga suka kashe mutum takwas a Kure, Faransawa shida da ƴan ƙasa biyu, baƙi suka ɗauke ƙafa daga wurin. A 2022 an ƙaro huɗu zuwa Gadabeji.

Takwas cikin daji mai wannan faɗi, sai wanda Allah ya nufa. Muka yi la'asar muna hawa tudu muna sauka, Alhaji na share sararin da madubinsa daga gabas zuwa yamma. Hangen Dala ba shiga birni ba, mu ko Dalar ba mu hanga ba. Wani yaro makiyayi, bai fi shekara goma sha biyu ba, ya tsaya yana kallonmu da sanda a wuya. Dogarin ya yi masa magana da Fulatanci. Yaron bai dubi nesa ba sam. Ƙasa ya duba, ya nuna wani sawu mai faɗin faranti, ya ɗaga kai ya nuna saman wata kandili inda aka tsinke ganye a tsawon da raƙumin gida ba ya kaiwa, sa'an nan ya miƙa sandarsa kudu maso yamma.

Bayan tudu biyu muka same su, uku, a cikin kwari. Da fari na ɗauka kututturan itace ne, sai ɗaya ya juya wuya. Ba su gudu ba. Sun saba da mutane tun Kure, inda suke kiwo a bakin gonaki. Cikin madubin na ga gashin idonsa dogaye, na ga baƙin harshen yana naɗe reshe yana zare ganye daga tsakanin ƙayoyi ba tare da ya soku ba, na ga ƙafafun sun yi fari kamar an wanke. Alhaji ya karɓa. Na lura da ɗan yatsansa na dama yana motsi a bisa robar madubin. Ya ce: «Mita ɗari da hamsin. Ko makaho ba ya kuskure.» Dogarin ya ce: «Alhaji, ai shi ya sa muke kwana a nan.» Dokar halbi ta 1998 ta sa raƙumin dawa cikin dabbobin da ba a taɓawa ko da lasisi, Alhaji ya san da haka, ba kuma niyya ya yi ba. Hannu ne ya tuna abin da ya saba. Ya yi dariya, ya sa hannun a aljihu, ya ci gaba da kallo da hannu guda har rana ta faɗi.

A nawa ra'ayi, wanda zai sayi madubi don dajin ƙasar nan ya tsaya a 8 ko 10, ya zuba kuɗinsa ga ingancin gilashi da rufin da ke hana ƙura, ya gwada shi da magariba kafin ya biya, ya dubi igiyar lantarki daga nesa ya tabbata guda ɗaya yake gani. Amma kada mai rumfa ya ce masa da shi zai sami babban nama. Gandun W da ke da giwa da ɓauna, tun 2020 rashin tsaro ya sa zuwa can ya zama kasada, kuma can ma kallo ake yi, ba halbi ba.

Kafin mu tashi na ciro tsohon madubin kawu na ba yaron, na nuna masa ya rufe ido guda, don ta haka hoton ba ya rabuwa. Ya duba shanunsa, ya sauke, ya sake dubawa. Ya ce: «Baba, saniya guda yake nuna mini, sauran fa?» Duk da haka ya rataya shi a wuya, ya bi garkensa.

Na Alhaji yana nan a kantinsa cikin aljihun tebur. Bai koma dawa da shi ba sai sau ɗaya. Amma duk ranar 29 ga Sha'aban maƙwabta kan zo su are shi, su hau soro duban wata, kuma har yau bai biya ni kuɗin motar da ta kawo shi daga Yamai ba.