Zumunta a Ƙafa Take: Abin da Na Koya a Wani Ƙaramin Coci a Sunderland

Ranar Lahadin da na fara shiga coci a Sunderland, cikin watan Satumba na 2023, na ci ado kamar mai zuwa biki: atamfa riga da zani, ɗaurin ɗankwali ya tashi sama, ga Littafi Mai Tsarki na Hausa da Mama ta cusa min a akwati. Da na zauna sai na ƙirga mutanen da ke ciki. Mu 31 ne har da mai wa'azi, kuma in ka cire ni da wasu yara biyu, babu wanda bai yi furfura ba. Aka fara ƙarfe 10 daidai, 11 da 'yan mintoci an tashi. Ba ganga, ba tafi, ba rawar kai baiko. Rabaran ɗin ma mace ce, abin da ban taɓa gani ba a cocinmu na Angilikan a gida, alhali su a nan tun 1994 suke naɗa mata.

Da yamma na kira Mama a Wusasa na ce mata, "Mama, cocin mutanen nan ya mutu, jana'iza kawai ta rage." Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce, "Ke kin je duba su ne, ko kin je sujada?" Na rasa amsa, na koma tambayar lafiyar awakinta.

Ga wanda bai san garin ba, Sunderland tana arewa maso gabashin Ingila, inda kogin Wear ke shiga teku, kusa da Newcastle. Da can an san ta da ƙera jiragen ruwa da haƙar kwal. An rufe wuraren ƙera jiragen a 1988, mahaƙar kwal ta ƙarshe ta bi su a 1993, a kan filinta ne ma aka gina filin ƙwallon da ƙungiyar garin ke wasa tun 1997. Mutanen garin suna da fara'a, sai dai Turancinsu sai ka kasa kunne sosai, kamar Bakano ya faɗa cikin Sakkwatawa a kasuwa. A watan Disamba kafin ƙarfe 4 na yamma duhu ya rufa, iskar teku kuma tana ratsa riga uku. Ɗalibai 'yan Najeriya na da yawa a nan, akwai kuma majami'u namu na baƙi inda ake kiɗa da rawa har a yi gumi. Na je ɗaya sau biyu, na ji daɗi ƙwarai. Amma sai na hau mota biyu kafin in kai, ga shi nakan yi aikin kula da tsofaffi a daren Asabar, cikin awa 20 da bizar ɗalibi ta yarje mana a mako. Gajiya ce ta mayar da ni ƙaramin cocin unguwarmu, ba wani zurfin imani ba.

A nan na fahimci abin da suke kira farish. A tsarin Cocin Ingila an yanka ƙasar gaba ɗaya gunduma-gunduma, babu gidan da ba ya cikin wata. Rabaran na farish yana ɗauke da nauyin duk wanda ke zaune cikin iyakarsa, mai zuwa coci da wanda bai taɓa leƙowa ba. Abin ya fi kama da mai unguwa a wurinmu. Ba kai ke zaɓen mutanenka ba, waɗanda Allah Ya ajiye a layinku su ne naka. A ƙidayar 2021, kashi 46.2 cikin 100 na mutanen Ingila da Wales ne suka ce su Kirista ne, karon farko da adadin ya gaza rabi. Kujerun da na gani babu kowa ba mafarki nake ba. Kuskurena shi ne na ɗauka ranar Lahadi ce kaɗai ma'aunin coci.

Wadda ta fara gyara min tunani wata tsohuwa ce mai shekara 80 da ɗoriya, mijinta ya yi aikin walda a wurin ƙera jirage har ranar da aka rufe. Sunana ya gagare ta faɗa, ni kuma tarbiyyar gida ta hana ni kiran sa'ar kakata da sunanta gatsau kamar yadda suke yi a nan. Na ce zan riƙa kiranta Kaka, na gaya mata ma'anarsa, ta yi dariya ta karɓa. A Lahadi ta huɗu ta miƙo min wata takarda da biro. Jadawali ne na masu dafa shayi bayan sujada, da masu karatun nassi, da masu share coci, da masu kai wa marasa lafiya Jibin Ubangiji a gida. Ta ce, "'Yar nan, kin yi baƙunta ya isa haka. Zaɓi ɗaya." Na zaɓi shayi, don a ganina shi ya fi sauƙi. Ashe kowace tsohuwa da irin nata, wata madara kafin ruwa, wata bayan ruwa, kuma ba sa mantuwa in ka kuskure.

Ta hanyar jadawalin nan na gano cewa cocin da na yi wa jana'iza ya fi cika ranar Laraba. A ranar ake buɗe zauren baya a raba kayan abinci ga mabuƙata: taliya, wake na gwangwani, madara, sabulu. Da sanyi kuma a kunna na'urar ɗumama ɗaki, duk wanda ba zai iya biyan kuɗin gas a gidansa ba ya zo ya zauna. Babu wanda ake tambaya addininsa. Ni da na taso ina ɗauka talauci ba ya kama Bature, na ga uwa da yara uku tana sunkuyar da kai tana karɓar leda, irin sunkuyawar da na sani a gida.

Sai abin ya zo kaina. Tun da darajar naira ta faɗi daga tsakiyar 2023, kuɗin da aka tara min a gida ya narke kamar man shanu a rana. Zuwa Fabrairun 2024, bayan na biya haya, abin da ya rage min bai fi na biredi da motar zuwa aiki ba. Ina tsaye ina miƙa wa mutane leda, cikina yana kuka, amma girman kai ya hana ni magana. Ni da nake karatun digiri na uku, a ce na shiga layi? Har zazzaɓi ya kwantar da ni kwana biyar, babu wanda ya ƙwanƙwasa ƙofata. Na yi fushi sosai. A Wusasa, in ba a gan ka a sujada ba, kafin la'asar matan zumunta sun cika tsakar gidanku da kunu da addu'a. Da na warke na gaya wa Kaka haka, ban ɓoye ɓacin raina ba. Ta dube ni ta ce, "Mu a nan shiga gidan mutum ba da gayyata ba rashin kunya ne. Mun ga ba ki zo ba, mun ɗauka karatu ne. Don me ba ki faɗa ba?" Na ga gaskiyarta, ita ma ta ga tawa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: a ranar na faɗa mata har batun abincin. Tun daga lokacin, duk Laraba in an tashi, sai in tarar da leda a ƙarƙashin rigar sanyina, ba wanda ya taɓa ce min uffan a kai. Rabaran kuma ta sa aka fara buga waya ga duk wanda aka yi Lahadi biyu ba a gani ba. Ni aka ba wannan aikin.

In zuciyata ta yi nauyi nakan taka zuwa cocin St Peter da ke Monkwearmouth, a bakin kogi, dab da harabar jami'a. Wani basarake mai suna Benedict Biscop ne ya kafa gidan ibada a wurin a shekara ta 674, ya ɗauko magina da masu aikin gilashi daga ƙasar da ake kira Faransa a yau. Bangon yamma da shirayin ƙofa na wancan zamani suna nan tsaye, kana iya dafa su da hannunka. Nan aka kawo Bede yana ɗan shekara bakwai, wanda ya zama babban malamin tarihin Ingila, kuma rubuce-rubucensa suka yaɗa ƙirgen shekaru daga haihuwar Almasihu, wato miladiyyar da muke amfani da ita. A nan da tagwayen gidan da ke Jarrow aka rubuta Littafi Mai Tsarki sukutum da hannu, a kan fatun maruƙa, aka tafi da shi Italiya a 716, yana birnin Florence har yau. An ruwaito cewa a kwanakinsa na ƙarshe, a 735, Bede yana juya Bisharar Yohanna ne zuwa harshen mutanensa. Duk sanda na tuna wannan sai Wusasa ta faɗo min: cocin St Bartholomew na ginin ƙasa, wanda magina Hausawa suka ɗaga bayan mishan ta taso daga cikin birnin Zariya wajen 1929, da Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, wanda Dokta Walter Miller da abokan aikinsa suka sha wahalarsa. Ashe su ma Turawan nan an taɓa kawo musu bishara daga nesa, sun taɓa jiran a faɗa musu ita da bakin iyayensu.

Ranar da ba zan manta ba ita ce Juma'a, 2 ga Agusta, 2024. Kwana huɗu kafin nan an kashe yara mata uku a Southport, aka baza ƙarya a intanet cewa Musulmi ɗan gudun hijira ne ya yi kisan. Da yammacin Juma'ar tarzoma ta ɓarke a tsakiyar Sunderland. Aka kifar da mota aka cinna mata wuta, aka ƙona wani ofishin ba da shawara ga jama'a, 'yan sanda suka yi wa wani masallaci zobe don kare shi. Ina gida tare da abokiyar zamana, Bakatsiniya, Musulma mai hijabi, mun kashe fitila muna bin labari a waya. Jikina ya ɗauki rawa, domin na san wannan daren. Ina 'yar shekara 14 lokacin rikicin bayan zaɓen 2011, muna gidan kawuna a wata unguwa a Zariya, maƙwabcinsu Alhaji ne ya shigar da mu ɗakin matarsa, ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ya zauna har gari ya waye.

Wajen ƙarfe 9 aka buga ƙofa. Muka ƙame. Sai na ji muryar Kaka. Matar da ta ce min ba a zuwa gidan mutum sai da gayyata, ga ta tsaye da sandarta, jikanta na jira a mota. Ta ce, "Ku ɗauko kayan kwana." Na ce, "Kaka, ƙawata fa Musulma ce." Ta ce, "Na ce ku ɗauko, ban ce ki ɗauko ba. Layin nan duk farish ɗinmu ne." Kwana uku muka yi a gidanta. Da asuba ƙawata ta rasa alƙibla, Kaka ta yaye labule ta nuna mata inda teku yake, suka lissafa tare da taimakon waya, ta kuma kulle karenta a kicin don kada ya taka sallaya. Washegarin tarzomar mutanen gari suka fito da tsintsiya da shebur suka share titunan. Ban iya fita ba, tsoro bai sake ni ba, kuma ba zan yi ƙaryar jarumta ba. Amma ranar Lahadi na je na dafa shayi, hannuna na rawa, tsofaffin nan suka yi layi, kowa ya karɓi kofinsa ya riƙe hannuna ya ɗan jima.

Ba ina cewa komai ya gyaru ba ne. Wasu daga cikin waɗanda suka yi jifa a daren nan 'yan unguwanni irin tamu ne, wataƙila na taɓa miƙa wa uwar wani leda. Har yanzu ina kewar gangar zumuntar mata da baikon godiya na kaka, inda ake shigowa da damin dawa da kaji, ba gwangwanin wake ba. Har yanzu mu 30 da 'yan kai ne, bara mun binne uku, ana kuma maganar haɗa mu da wani coci saboda kuɗin gyaran rufi. Ni kaina ban san inda zan kasance ba idan bizata ta ƙare.

Duk da haka, ga 'yan uwana da ke Landan ko Jidda, Kumasi ko Yawunde, Kirista ko Musulmi, abin da zan ce ɗaya ne. Neman 'yan gida a baƙon wuri ba laifi ba ne, ni ma ina nema. Amma ka san wurin ibadar da ke layinku, ka bari a san fuskarka, ka karɓi wani ɗan aiki ko na share tabarma ne. In kana cikin matsi ka buɗe baki. Ranar da gari ya rikice, wanda ke kusa ne zai iso ƙofarka.

A 2025 aka sabunta rajistar 'yan ikilisiya, abin da suke yi duk shekara shida, kowa sai ya sake cike takarda. Na riƙe tawa mako biyu ina jujjuyawa, don gani nake kamar in na sa hannu na juya wa Wusasa baya. Na kira Mama. Ta ce, "Sunanki na nan a littafinmu, ba wanda zai goge. Ki rubuta a nasu ma." Na rubuta. A Lahadin Fentikos Rabaran ta ce kowa ya yi Addu'ar Ubangiji da harshen da ya tashi da shi. Na yi tawa da Hausa, da ƙarfi, Kaka na gefena tana yin tata. Ta riga ni gamawa, sai ta tsaya ta jira ni, muka ce amin tare.

Yanzu ƙafa ta hana ta fita. Gobe Laraba, in an tashi daga rabon abinci, zan kai mata kunun gyaɗa a fulas. Ta ce ya fi shayin da nake dafawa, kuma ban tambaye ta ko zan iya zuwa ba.