Timiya: masaukin da garka ke ciyarwa

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa cinikin lemu a Agadas ko a Yamai cikin sanyin Janairu ya ji sunan Timiya. Dattijan Damargu da Tasawa kuwa sun san raƙuman Kel Ewe, waɗanda ke saukowa da kantun gishirin Bilma su koma da hatsi. An san lemun, an san ayarin, amma kaɗan ne cikin mutanen kudu suka taɓa kwana a garin masu su.

Timiya tana cikin duwatsun Abzin, kimanin kilomita 220 arewa maso gabas da Agadas, a gundumar Iferwan. Hanyar ba ta da kwalta. Mota kat-kat takan cinye mafi yawan yini tana ratsa baƙin dutse da yashin ƙoramu ta wajen Elmeki, har matafiyi ya fara zargin cewa labarin lemun tatsuniya ce. Sai kwari ya buɗe, dabinai su bayyana, garake su jeru a gaɓar ƙorama kamar an shimfiɗa koren zane a gindin tsauni.

Masaukin baƙi na irin wannan ƙauye, wanda aka saba kira kampama, ba ya gasa da otel ɗin birni. Ɗakin ƙasa ne, da tabarma da katifa da bargo, ruwan wanka a bokiti, sai rumfa a tsakar gida inda ake zama. Ma'aikacin da ya saba tambayar na'urar sanyaya ɗaki kafin ya ajiye jaka zai huta da wannan tambaya: a daren Disamba bargo na biyu zai nema.

Darajar wurin tana cikin akushi. Da maraice ana kwaɓa garin alkama, a share garwashi gefe, a binne ƙullin cikin yashi mai zafi, a mayar da wuta bisa. In ya nuna a tono shi, a kakkaɓe, a gutsuttsura cikin kwano, a zuba miyar tumatir da albasa da naman akuya. Wannan ita ce tagella. Wanda ya ji an ce gurasar yashi yakan tauna lomar farko da tsoro, amma hannun da ya iya ba ya barin tsakuwa ko ɗaya. Akwai cukun madarar awaki, wanda matan gari ke yi, ana cinsa da shayi. Akwai kuma egajira, ƴar'uwar fura, da ake daka gero da dabino da cuku a dama da ruwa. Ita ce guzurin masu ayari a Tenere, kuma ludayi biyar nata sukan riƙe mutum har azahar. Bayan abinci sai abin da garka ta bayar a wannan wata: lemu, mandarin, rumman, inabi ko ɓaure. Shayi kuwa zagaye uku ne, ba a gaggauta shi, kuma tashi kafin na ukun rashin ladabi ne.

Mai lissafi zai lura da wani abu a nan. In ban da shinkafa da sukari da ganyen shayi, kusan duk abin da ke cikin kwanon ya fito ne daga inda ƙafa ke kaiwa. Lemun da aka ɗora wa mota zuwa Agadas yana biyan kuɗin hanya, yana biyan dillali, wani kuma ya ruɓe kafin ya isa. Wanda baƙo ya ɓare a ƙarƙashin rumfa ba shi da ko ɗaya daga cikin wannan asara. Kowane kwanan baƙo ciniki ne ga mai garka, da mai cuku, da yaron da ke nuna hanya, da maƙerin da ke shimfiɗa zobban azurfarsa a bakin ƙofa.

Yawon ƙafa ya fi daɗi da sassafe, ta cikin garake. A can ake ganin takarkart, dabarar jan ruwa da raƙumi ko sa: dabba ta yi gaba da igiya, guga ta hau ta juye a kwami, ruwa ya bi ƙananan hanyoyi zuwa fangalin alkama da albasa da tafarnuwa. Injin ban ruwa ya karɓe rijiyoyi da yawa. Ya rage wahala, ba shakka, sai dai raƙumi ba ya shan man fetur. Baƙon da ya yi sallama da Hausa, da Hausa za a amsa masa, domin mazan Kel Ewe sun daɗe suna cin rani a ƙasar Hausa tare da raƙumansu. Bajamushen nan masanin al'adu, Gerd Spittler, wanda ya fara bincikensa a Gobir, ya zauna cikinsu ya rubuta littattafai a kan ayarinsu da yadda suka jure farin 1984.

Tafiyar kamar awa ɗaya daga gari akwai magangarar ruwa, inda ruwa ke zubowa daga baƙin dutse cikin tafki mai sanyi. Bayan damina yana da ƙarfi, da bazara sai ya koma siriri. Da la'asar a hau tudun da ke bisa gari, wurin ganuwar sojan da Faransawa suka gina a shekarun 1950, mai ɗauke da sunan Massu, hafsan da ya yi kwamanda a Yamai kafin sunansa ya yi ƙauri a yaƙin Aljeriya. Hawan yana sa haki. Daga sama ana ganin kwarin gaba ɗaya, da garken awaki suna komowa. Mai kwana uku zai iya neman mota zuwa Asode, can arewa, kufan tsohon babban birnin Abzin, inda bangayen gidaje da na masallaci ke tsaye babu kowa.

Turawa aka yi wa waɗannan ɗakuna, kuma tarihinsu ya bi tarihin zaman lafiyar arewa. Tawayen farkon shekarun 1990 ya rufe hanya. Bayan yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995 baƙi suka komo, har jirage daga Faransa suka riƙa sauka Agadas kai tsaye da sanyi. Tawayen 2007 zuwa 2009 ya sake korarsu, sace ma'aikatan kamfanin yuraniyom a Arlit a 2010 ya ƙarasa abin da ya rage. Da aka gano zinariya a Jado a 2014, direbobi da ƴan jagora da dama suka juya can. Garaken dai ba su daina ba da ƴaƴa ba.

Ga kuwa ma'aikacinmu, in ya sami hutu Kwatano ko Lome yake tunani, arewa kuma sai takardar misiyo ta kai shi. Alhajin da ke sayen albasar Abzin tireloli bai taɓa ganin rijiyar da ta shayar da ita ba. Alhali ɗan ƙasa ba ya neman biza, ba ya neman tafinta.

Lokacin zuwa daga Nuwamba ne zuwa Fabrairu, sa'ad da lemu ke nuna. A Agadas ake neman mota da direban da ya san duwatsu, a can kuma ake tambayar hukuma halin hanya kafin a tashi. Mai son ganin ana ɗaure wa raƙuma kaya zuwa Bilma, sai ya riga sanyi, ya zo cikin Oktoba.